Tambayar Bayan La'asar

Ilyasu direba bai dawo Maraɗi ba, ko gawarsa ba ta dawo ba. Can gaba da Abalak, a bakin hanyar Agadas, waɗansu mutane da ba su san shi ba suka yi masa salla suka rufe shi. Abin da ya dawo gidansu na Sabon Gari shi ne matarsa Atika, a bayan motar jandarma, da takalmi ƙafa ɗaya da jininsa a bushe a zanenta.

Shekarar ce da ta biyo bayan zaɓe, lokacin da kowa ke zargin kowa. 'Yan siyasa na zagin juna a rediyo, ma'aikata yau aiki gobe yaji, hanyar arewa kuwa ba a bin ta sai da rakiyar soja. Jandarma suka yi wa Atika tambayoyinsu, suka ce Allah ya ji ƙansa, suka tafi. Wasu suka ce 'yan tawaye ne, wasu suka ce ɓarayi ne suka ari rawanin 'yan tawaye. Ba a kama kowa ba.

Ranar farko da ta ba da labarin, ba wanda ya tilasta mata. Surukarta Hajiya Tsahara ce ta rungume ta tana kuka, ta ce, "Ɗiyata, hwaɗa mini yadda ɗana ya cika."

Atika ta faɗa. Yayarta ta haihu a Agadas, sai ta bi kamyon mijinta, babbar motar kaya, don ta je barka. Suna cikin jerin motocin da soja ke rakiya. A Abalak ta roƙe shi ya tsaya ta sayi cuku na tsaraba, mai cukun ta yi jinkirin ɗaurewa, jerin motoci ya wuce. Ya yi dariya ya ce yanzu za su cim musu. Ba su cim musu ba. Mutane suka fito daga bayan tudu, fuskokinsu a naɗe, suka sauke shi, suka durƙusar da shi a kan rairayi. Da ta kai nan sai numfashinta ya sarƙe, mata suka riƙe ta, aka yayyafa mata ruwa.

Da abin ya tsaya nan, da an yi makoki kamar na kowa. To, sai wani ɗan kasuwar albasa da ke bayan kamyon ranar ya zo gaisuwa. Yana zaune a zaure tare da Maman Lawali, wan marigayi, sai ya ce, "Ni abin da ya tsaya mini a rai, da kunnena na ji ɗayansu ya ce, Atika, ruhe idonki."

Maman Lawali ya ajiye kofin shayinsa. "Da sunanta?"

"Da sunanta, wallahi."

Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron tsakar gida, aka kira ta. Maman Lawali yana kan kujera, Hajiya tana gefe da carbi.

"Ina ya san sunanki?"

"Yaya, ƙanenka ne ya kira ni. Da suka sauke shi ya waiwayo ya ce, Atika, kar ki hito. Shi ne mutumin ya ji."

"Mi ya hana ki hwaɗi haka tun ranar hwarko?"

"Ban kai wurin ba, Yaya. Na kasa."

"To, yanzu ki kai. Soma daga Abalak."

Ta soma daga Abalak. Tun tana wurin mai cuku ƙirjinta ya fara dakan sakwara. Da ta kai tudu, zufa ta jiƙa mata baya. Ta ƙarasa da ƙyar. Maman Lawali ya ce ta je ta huta.

Bayan kwana biyu aka sake kiran ta. Bayan haka kuma abin ya zama kamar wata al'ada ta gidan. In an idar da la'asar, sai ta ji ana jan tabarma a ƙasa, daga nan sai muryar Hajiya. Wani lokaci su biyu ne, wani lokaci wani kawu ya zo daga Tsibiri ko wani abokin marigayi, a ce shi ma ya ji da kunnensa. Kullum daga Abalak ake somawa. Kullum kuma sai an sami abin da bai yi daidai da na jiya ba.

"Ranar nan kin ce su biyar ne."

"Ban ƙirga ba, Yaya."

"Amma kin ce biyar. Yau kin ce shidda. Ina na shiddan ya hito?"

"Wa ya ce miki akwai cuku a Abalak?"

"Kowa ya sani, Inna."

"Ni ban sani ba. Ni da na haihe shi ban sani ba."

Tana takaba, ba ta da inda za ta. Iyayenta sun rasu, yayarta tana can Agadas, danginta na kusa sai wanta Idirisa, mai noman rani a Jiratawa, shi kuwa in ya zo gaisuwa a zaure ake tsayar da shi, a ce tana lafiya, tana lazimi. Ba ta haihu a gidan ba, balle a ji kunyar idon ɗa.

Abin da ba ta iya faɗa musu shi ne, tambayar da suke yi mata ita ma tana yi wa kanta. Da ba ta ce a tsaya ba fa? Cukun da bai kai ya kawo ba. In ta tuna haka sai ta sunkuyar da kai, su kuma su dubi juna.

Jikinta ya soma canzawa. In kabu-kabu ya yi ƙara a bakin titi sai ta ga kanta a durƙushe ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. Warin man mota na sa ta amai. Ta daina zama da bayanta a ƙofa. In ta ji an rage murya a ɗakin Hajiya ta san da ita ake. In matan gidan suka yi dariya a bakin murhu sai ta ƙirga kanta cikin abin dariyar. Hurar da aka miƙo mata ma sai ta shinshina kafin ta sha, daga baya ta ji kunyar kanta. Ƙirjin kuwa ya daina jiran la'asar. Tana tankaɗe sai ya buga, ya tsaya kamar ya manta, ya sake bugawa da ƙarfi har cikin wuyanta.

Wata safiya tana jan guga sai ido ya rufe mata, ta faɗi a bakin rijiya. Maƙwabta sun gani, don haka dole aka kai ta likita. Hajiya ce ta raka ta, ta ce mai takaba ba ta fita ita kaɗai.

Ma'aikatan lafiya suna yaji. A ɗan asibitin unguwa ba kowa sai majo, tsohon malamin jinya, da wata mata mai tabarau da ake kira Madam Rifkatu. Ita ba ma'aikaciyar wurin ba ce. 'Yar Tsibiri ce da ta yi karatun sanin halin ɗan Adam a Yamai, ta dawo tana bincike a kan mutanen da suka tsira daga harin hanya, direbobi da fasinja da tsofaffin soja, tana duba yadda firgici ke taɓa zuciya. Majo ya auna jinin Atika, ya ɗaga gira, ya ce yarinya kamar wannan ba ta kai ga irin wannan tansiyon, wato hawan jini, ba. Ya kira Rifkatu.

Rifkatu ta zaunar da ita, ta bari ta huta, sannan ta ɗora yatsu a wuyan hannunta. Ta tambaye ta barci, ta tambaye ta abinci. Sai ta ce a hankali, "Na ji an ce kina cikin motar da aka tare."

Nan take bugun jijiyar Atika ya tashi. Ta dubi fuskar Atika, ta dubi hannun da ke ƙarƙashin yatsunta, ta ce, "Ya isa. Ba sai kin hwaɗi komi ba. Ja numhwashi."

Atika ta kalle ta da rashin yarda. Tun da ta dawo ba wanda ya taɓa ce mata ya isa. Ta ce a ranta, ko wannan ma wata dabara ce.

Rifkatu ta juya wurin Hajiya. "Inna, ɗiyarki ta ga abin da ya hi ƙarhin ido. Abin ya wuce, amma jikinta bai yarda ya wuce ba. Duk sanda aka tuna mata, zuciyarta na tashi da gudu kamar ranar ce. Ba mu gama sanin komi ba tukuna, amma abin da nike gani ga mutane da dama shi ne, zuciyar da ake ta kora haka tana gajiya, kuma tana iya lalacewa. Majo zai rubuta magani. Amma babban maganin, a bar ta ta huta da maganar nan."

Hajiya ta kalli yatsun da ke kan hannun Atika.

"Wato in aka yi maganar, nan wurin ke bugawa?"

"E, Inna."

"Kuma ke kin ji da hannunki?"

"Na ji."

"To," in ji Hajiya. "Allah shi saka."

Ranar bayan la'asar aka ja tabarma. Da Atika ta zauna sai Hajiya ta matso kusa da ita, kusancin da ba ta yi ba tun ranar makoki. Ta kamo hannunta ta ɗora a cinyarta, ta lalubi wurin, ta danna da yatsu uku.

"Lawali, tambaye ta. Ita likitar ta nuna mini. Baki na ƙarya, amma nan wurin bai iya ba."

Atika ta ja hannunta, Hajiya ta riƙe gam.

"Mai cukun nan, kin san ta dā ma?"

"A'a, Yaya."

"Da sauƙi," in ji Hajiya.

"Wanda ya kira sunanki, kin taɓa jin muryarshi?"

"A'a."

"Ya tashi! Lawali, ya tashi, zo ka ji! Kamar kan ɗan tsako!"

Maman Lawali bai taɓa ba, don matar ƙanensa ce kuma tana takaba. Ya dai gyara zama ya ce, "Sake tambayar zan yi. Kin taɓa jin muryarshi?"

Muryar tana cikin kunnenta a lokacin. Murya ce marar fushi, kamar ta mai ba yaro shawara. Ranar harin ta rufe idon kamar yadda ya ce, amma kunnuwa ba su da murfi. Ta buɗe baki ta amsa, iska ta ƙi shiga.

Daga ranar aka daina kula da abin da bakinta ke faɗa. Hannun ake saurara. Maganin da majo ya rubuta ba a saya ba. Maman Lawali ya ce tun da aka karya darajar kuɗin sefa farmasi ta zama ta masu hali, kuma shi bai ga ciwo ba, ya dai ga mutum da abu ke ci a ciki. Hajiya ta ce wa maƙwabciyar da ta yi mata magana, "Ni uwa ce. Ko kabarinshi ban gani ba. In ban tambayi wadda ta gani ba, wa zan tambaya?" Da ta faɗi haka sai ta fashe da kuka, kukan gaske, maƙwabciyar ta koma ba ta haƙuri.

Da Atika ba ta koma awo ba, Rifkatu ta biyo sawu har gida. Maman Lawali ya tare ta a zaure. Atika na jin su daga bayan katanga.

"Madam, wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Na zo duba jikinta."

"An ce kina bin waɗanda aka tare a hanya ɗaya bayan ɗaya kina tambayarsu. Wa kike kai ma labarin? Gwamnati, ko waɗancan na daji?"

"Alhaji, karatu ne. Kuma ban zo da karatu yau ba. Jininta ya hau sosai. In ana sa ta maimaita abin nan, don Allah a bari."

"Wa ya ce miki ana sa ta? Ita ta hwaɗa miki?"

"Ba ta ce komi ba."

"To, kin gani. Mu gidanmu ba mu da abin ɓoyo. Tambaya ce kawai tsakanin dangi. Ki gaida Tsibiri."

Bayan la'asar tambayar ranar ta zama sabuwa: me ta faɗa wa matar nan, kuma tun yaushe suka san juna. Atika ta kwana biyu tana tunanin ko da gangan Rifkatu ta nuna wa Hajiya wurin dannawa. Ta kai inda ba ta iya raba mai taimako da mai tarko.

Damina ta sauka. Ƙafafunta suka kumbura har zoben azurfar da ke yatsan ƙafarta ya nutse. Daga ɗaki zuwa rijiya sai ta tsaya ta dafa bango. Ba ta iya kwanciya sai a jingine. Matan gidan suka ce ƙiba ce ta zaman takaba, wai mai baƙin ciki na gaske ramewa yake yi.

Rifkatu ba ta haƙura ba. Ranar kasuwa ta hau mota zuwa Jiratawa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata Idirisa a cikin gonarsa. Washegari ya zo Maraɗi, wannan karon bai tsaya a zaure ba. Ya yi sallama ya kutsa kai.

Ya same su a gindin dogonyaro. Ƙanwarsa tana zaune fuska ta yi toka-toka, leɓɓa sun yi duhu, hannunta a cinyar Hajiya, wasu baƙi biyu na sauraro.

"Mi a ka yi nan?"

"Idirisa, ba a shigo ma mutane gida haka," in ji Maman Lawali. "Zauna ka ji, kai ma ka yi hukunci. Atika, soma daga Abalak."

Atika ta dubi wanta. Rabonta da ganin fuskar wani nata tun bazara. Ta zare hannunta daga na Hajiya, wannan karon da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi.

"Ba ni sakewa, Yaya."

"Mi kika ce?"

"Ƙanenka sau ɗaya aka kashe shi a hanya. Nan gidan kullum sai kun sa na sake durƙusar da shi da bakina, ina kallo. Ni na ce a tsaya a sayi cuku. Wannan shi ne laihina, kuma da shi nike kwana, da shi nike tashi. Bayan shi ba ni da wani. In kuna son wani, sai ku ƙera."

Ta dafa ƙasa za ta miƙe. Ta kai rabi, ta kama ƙirji da hannu biyu, ta zube a kan tabarmar.

Idirisa ya ɗauke ta a kafaɗa kamar yarinya. Maman Lawali ya biyo shi yana cewa ba ta fita takaba ba, Idirisa bai ko waiwaya ba. A babban asibiti suka tarar da likita ɗaya da ke duba masu larurar gaggawa duk da yajin. Ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya ce zuciyar ta kumbura, ta yi rauni. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan abin da ya fara jawo ciwon ba, amma tsawon watannin nan ba ta sami hutu ko magani ba, kuma an makara.

Ta ƙarasa takabarta a Jiratawa, a ɗakin matar wanta. Can ba wanda ya tambaye ta komai sai me za ta ci. Rifkatu kan zo wani lokaci, su zauna a inuwa su yi hirar farashin tattasai. Sannu a hankali Atika ta daina jan hannunta in Rifkatu ta miƙo nata. Ta soma zama a ƙofar gida tana kallon masu dawowa daga gona, har wata rana aka ji dariyarta. Amma ba ta ƙara ɗaukar tulu ba, ba ta ƙara riƙe taɓarya ba. Gero na fitar da kai, wata hantsi tana tsince wake a faifai, ta jingina da bango ta ce ta gaji. Matar Idirisa ta je ɗebo mata ruwa. Kafin ta dawo rai ya yi halinsa.

Mutanen Sabon Gari sun zo gaisuwa mota guda. Hajiya Tsahara ta yi kuka, ta ce yanzu kuma ba mai faɗa mata komai. Maman Lawali ya zauna cikin maza ya karɓi addu'a kamar kowa. Da wani dattijo ya ce yarinya ƙarama haka da ciwon zuciya, sai ya girgiza kai ya ce ai abu in yana cin mutum a ciki ba ya barin sa, Allah dai ya sa mu cika da gaskiya. Ya ga Idirisa na kallon sa, sai ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Mu dai ba mu rage ta da komi ba. Ci da sha da wurin kwana. A tambayi duk unguwa, ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu a gidanmu."

Mutane suka gyaɗa kai. Idirisa bai san sunan da zai kira abin da shi ba. Ba tabo a jikinta da zai nuna, ba sanda, ba igiya, ba shaidar da alƙali zai karɓa. Tabarma ce, da inuwar itace, da 'yan uwa zaune suna tambaya cikin ladabi. Kuma abin da Maman Lawali ya faɗa gaskiya ne: ba wanda ya taɓa dukan ta.